Yadda ake gane ƙyasuwa, a tara irinta, a shuka ta a fako

Duk wanda ya tsaya bakin kasuwar dabbobi ta Tahoua a watan Afrilu ko Mayu zai ga amalanken jaki na shigowa maƙare da busasshen haki, mutane na ciniki a kansa kamar hatsi. Hakin nan kuwa a watan Satumba kyauta yake, ana tattake shi a bakin hanya ba mai ko waiwaye. Cikin ciyayin da ake tattakewa akwai ƙyasuwa, wadda wasu ke ce wa ƙansuwa, Zabarmawa kuma su ce borboto. Masana tsirrai sun daɗe suna kiranta Pennisetum pedicellatum, wato dangin gero ce ta kusa. Ciyawa ce ta shekara guda: ta tsiro da damana, ta yi kai, ta zubar da iri, ta mutu, baɗi 'ya'yanta su tashi. Ba sai ka sayi irinta ba, ba ta kuma neman takin zamani. Wahalarta duka ta damana ɗaya ce: ka tara iri kan lokaci, ka tsare mata ruwa, ka tsare ta daga iska da tururuwa da awaki. In ka yi haka, daga baya ita ke shuka kanta.

Gane ta

Kada ka ce za ka gane ta tun tana ƙarama. A watan Yuli ƙyasuwa da shibra da ƙaramin gero kusan kamanninsu ɗaya, ko tsoffin makiyaya sukan yi gardama a kai. Jira ta fid da kai, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kuma kada ka neme ta a tsakiyar fili. A wajenmu, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, takan laɓe ne inda laima ke daɗewa: gindin darni, ƙarƙashin aduwa ko kalgo, cikin kurmin sabara, bakin gulbi, da gefen gonakin fadama. Tana jure inuwa fiye da yawancin ciyayi. Da ka gangara kudu, wajen Madawa da Birnin Ƙonni, inda ruwa ya ɗan fi, za ka ganta ta fito fili ta cika saura.

Tsawonta yakan kama daga gwiwa zuwa ƙirjin mutum, a wuri mai ni'ima ta kai mita ɗaya da rabi. Karanta siriri ne, yana rassa daga gaɓoɓi, gindin kuma sau da yawa ja-ja. Ganyen yana da faɗi kamar ɗan yatsa, in ka shafa za ka ji gashi-gashi. Amma kan ne shaida. Yana kama da wutsiyar kyanwa, tsawon yatsa zuwa taƙi, lulluɓe da gashi mai laushi irin na auduga. Da farko launinsa jaja-jaja ne mai sirkin shuni, in ya nuna ya koma fari-fari. Damƙe shi a tafin hannu. In ya soke ka, ƙarangiya ce, sai ka zauna cire ƙaya. In ka ji laushi, ka yi daidai. Komayya kanta a warwatse yake, iska kaɗan yana karkarwa. Guɗe-guɗe kansa kamar sawun tsuntsu. Gamba kuwa ta fi su duka tsawo, kuma ba ta mutuwa da rani, daga tsohon gindi take sake tohowa.

Akwai wata 'yar'uwarta mai kai mafi tsawo da siranta, da aka fi gani a ƙasashen kudu masu ruwa. In kana son tabbaci, cire ƙulli ɗaya daga kan, ka buɗe gashin da farce. A ƙyasuwa yawanci za ka tarar da 'ya'ya biyu ko fiye a ƙulli guda, kuma aƙalla ɗaya na tsaye kan wani ɗan guntun sanda. Waccan ɗa guda take da shi, manne da gindi. Ga mai kiwo dai bambancin bai da yawa, dabba na cin duka biyun.

Tara iri

Nan yawancin mutane ke faɗuwa, domin lokacin tara irin ƙyasuwa ya faɗo daidai da girbin gero, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ba wanda hankalinsa ke kan ciyawa. Kafin a gama ɗaurin damma a kai rumbu, iska ta riga ta kwashe. Shekarar farko da na gwada sai bayan girbi na tafi, na tarar da kara tsirara. Wani dattijo da ke kiwon tumaki kusa da wurin ya dube ni da buhu a kafaɗa ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, mi kake biɗa? Ta yi tahiya tun sati biyu." Na ce, "Baba, to yaushe ake zuwa?" Ya ce ranar da na ga gashinta ya fara maƙalewa a gezar jaki, ranar ce.

Gwajin nuna mai sauƙi ne. Kama kai tsakanin yatsu ka tsage shi daga ƙasa zuwa sama. In gashin ya biyo hannunka ba gardama, ya bar sandar tsirara, ya nuna. In sai ka ja da ƙarfi, bar shi kwana uku ko huɗu ka dawo. Kawunan gindi ɗaya ba sa nuna tare, don haka wuri guda sai ka zagaye shi sau biyu ko uku.

Fita da sassafe, raɓa ba ta gama bushewa ba, iska ba ta tashi ba. Naɗe hanci da baki da rawani, don gashin na shiga hanci yana sa atishawa da ƙaiƙayin ido. Rataya buhu a gaba, kana tsagewa kana turawa. Kada ka ɗebi iri daga gindi ɗaya ko kwari ɗaya kawai. Haɗa na wurare daban-daban, musamman na wuraren da suka fi bushewa, tunda wadda ta iya yin iri a can ta riga ta saba da ƙishi. Ka kuma bar wa wurin rabonsa, ko don baɗi.

Buhu cike da gashin ƙyasuwa ba shi da nauyi, yaro ma na ɗaga shi da hannu ɗaya, kuma ba kowane ƙulli ke da ƙwaya ba. Ɗebi kaɗan ka murza da ƙarfi tsakanin tafin hannu, ka hura a hankali. Ƙwayoyi ƙanana masu launin ƙasa, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, ya kamata su rage. In ka murza sau uku ba ka ga komai ba, ƙaiƙayi kake tarawa, sauya wuri.

A gida a shanya shi kwana biyu ko uku cikin ɗaki ko zaure, inda iska ba ta kaɗawa. In ka shanya a tsakar gida, maƙwabta ka shuka wa. Sannan a zuba a buhun da ke shan iska, ba leda ba, a rataye a sama saboda gara da ɓeraye. Sabon iri ba ya saurin tsiro, sai ya kwana watanni, don haka ajiyar rani gyara shi take yi. A watan Mayu ka gwada shi: cika tsohuwar tasa da rairayi, ka binne ƙulli hamsin sama-sama, kana yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan kwana goma ka ƙirga. In rabi sun fito, irinka mai kyau ne. In 'yan kaɗan suka fito, sai ka ninka abin da za ka zuba.

Wuri da shirinsa

Kafin ka sa diga a ƙasa, tabbatar da wurin na wane ne. In gonarka ce ko ta gado, shi ke nan. In fili ne na gari, ka je wurin mai gari da kwamitin filaye na ƙauye, wanda ake kira Kofob, a san da zancen. Kada ka yarda ka toshe burtali ko hanyar mashaya; rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin hakin da za ka samu. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ma ta sa ƙa'ida kan kwasar haki a filayen kiwo, saboda haka wanda ya shuka nasa a wurinsa ya huta da wannan. Abu na biyu, kada ka manna ta da gonar gero. Ƙyasuwa in ta samu wuri ba ta da kunya: a arewacin Ostareliya, inda aka kai ta, yanzu yaƙi ake da ita a matsayin muguwar ciyawa, alhali a Indiya shuka ta ake yi don shanu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai ka duba gonar wa ke kudu maso yammacinka.

In ƙasar jigawa ce mai ɗan laima, ko saura, aikin kaɗan ne: ka karce ta da hauya bayan ruwa, ka wuce batun shuka. Amma abin da ya fi yawa a Adar, wato yankin Tahoua, fako ne, ƙasar da ta daskare kamar siminti, ruwa ya sauka ya gangare bai shiga ba. A nan sai an yi rabin wata, wato rami mai siffar rabin da'ira da ke tare ruwan sama. Mutanen yankin nan ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun 1984 aikin Keita, wanda ƙasar Italiya ta ɗauki nauyi, ya shiga farfaɗo da tudun Adar da kwarin Magiya, kuma a 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo, waɗannan ramuka da ake ce wa tassa suka bazu har Badagishiri da kewaye. Abin da aka yi wa gero shi za ka yi wa ciyawa.

Fara da sanin inda ruwa ke bi. In ba ka da abin awon gangare, je wurin bayan ruwan sama ka ga inda shara da kashin awaki suka taru, su ne za su nuna maka. Kafa turke, ɗaura igiya mai mita 2, ka ja rabin da'ira a ƙasa, faɗinta ya zama mita 4. Bakin rabin watan ya fuskanci tudu, inda ruwa ke fitowa. Bayansa mai lanƙwasa ya kasance ta gangare. Wanda ya juya shi ya gina wa ruwa hanyar wucewa ne. Haƙa cikin da diga zurfin santimita 15 zuwa 25, ka kwashe ƙasar da shebur ka jera ta a kan lanƙwasar ta zama kunya mai tsayi kamar kamu ɗaya, ka daddaka ta da ƙafa. Inda akwai duwatsu, kuma Adar ba ta rasa su, jera su a bayan kunyar da bakunanta biyu, nan ruwa ke fara ci. Layi na biyu kada ya zauna daidai bayan na farko; kowane rabin wata ya tsaya a saitin tazarar da ke tsakanin biyu na gabansa, don ruwan da ya kuɓuce can ya faɗo nan. A awon da ma'aikatan gandun daji ke bi, hekta ɗaya na cin rabin wata 313. Kada adadin ya tsorata ka. Ƙato ɗaya a fako mai tauri biyu zuwa uku yake yi a yini, kuma ashirin sun isa ka fara. Ni da goma sha biyu na fara.

Aikin haƙa na rani ne, daga Fabrairu zuwa Mayu, da sanyin safiya. In ka gama, zuba wa kowane rami shebur biyu ko uku na takin dabbobi, ka watsa tsohon kara ko ƙaiƙayi a kai. Gara za ta zo ci, ta huda ƙasar, ramukanta su zama hanyar ruwa. A ɗaki gara abokiyar gaba ce, a fako kuwa 'yar ƙodago ce da ba ka biya.

Shuka

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. A Tahoua sau da yawa akan yi ruwa ɗaya mai kyau a farkon Yuni, sannan sama ta ɗauke sati biyu ko uku. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, buhunka ya tafi a banza. Jira damana ta zauna, yawanci daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, ka tona da hannu ka ji laima ta kai taƙi guda. Kuma ko a lokacin, ajiye kashi ɗaya cikin uku na irin don maimai.

Gashin nan da ke taimakon ƙyasuwa a daji shi ne matsalarka a gona. In ka watsa shi haka nan, iska ta ɗauka. Abin da ya rage tururuwa su yi layi su kai gidansu, na taɓa bin layinsu na tarar da tulin gashi a bakin rami kamar an yi shiƙa. Maganin shi ne a ba shi nauyi. Daren da za a yi shuka, haɗa mudu ɗaya na iri da mudu uku ko huɗu na rairayi mai laima da ɗan busasshen taki da aka marmashe, ka cuɗa da hannu sosai har gashin ya kwanta ya manne. Da safe ka ja layuka da bakin hauya cikin rabin watan, tazarar taƙi biyu tsakaninsu, ka barbaɗa haɗin, ka rufe da ƙasa 'yar kaɗan, ka taka da tafin ƙafa. Zurfin kada ya wuce santimita ɗaya. Ƙwayar ƙarama ce, in ta nutse ba ta da ƙarfin fitowa. Hannu biyu ko uku na haɗin sun ishi rabin wata ɗaya.

Kada ka zuba duka a tsakiyar ramin. Nan ruwa ke kwanciya, laka ta rufe irin, in marka ta yi ƙarfi ya ruɓe. Fi ba da ƙarfi ga gefe-gefe da gindin kunya ta ciki, ka kuma yafa kaɗan a kan kunyar kanta don saiwa ta riƙe ta.

Wanda zai yi tafiya kafin damana ta zauna yana da wata dabara: a kwaɓa irin da laka da taki, a mulmula ƙanana kamar ƙwallon magarya, a shanya su bushe a inuwa, a ajiye su cikin ramukan. Yayyafi ba ya narka su, tururuwa ba sa iya ɗauka, sai ruwa mai ƙarfi ya zo. Aikin yara ne na yamma ɗaya. In ka samu irin gadagi, haɗa shi ciki. Dangin wake ne, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma hakin da ke da gadagi ya fi daraja a bakin dabba da a kasuwa.

Cikin mako guda za ka ga tsiro kamar allurai. In bayan kwana goma wasu ramukan ba komai, yi maimai.

Tsaro

Daga nan sai gadi. Akuya ɗaya ta isa ta share rabin wata goma a yini, kuma ba ci kawai take yi ba, tuge tsiron take yi da saiwa. Yi shinge da ƙayar magarya ko bagaruwa daga sassabe, ba wai ka sare itace ɗanye ka haɗu da 'yan gandun daji ba. In wurin na jama'a ne, a yi yarjejeniya a gaban mai gari tun kafin shuka: ba kiwo sai an yanke. Garmani, wanda ya cinye filayen kiwo da yawa a ƙasar nan kuma dabba ba ta damu da shi ba, ka tuge shi da hannu tun bai yi fure ba, ƙasa na da laima. Tafasa kuwa ni nakan bar kaɗan a bakin kunya, don in na cire duka sai na sha magana a gida. Bayan kowane babban ruwa ka zagaya da shebur ka toshe inda kunya ta ɓalle, tun ɓarakar tana ƙarama.

Yanka da ajiya

Nan ma akwai abin da ya saɓa wa al'adarmu. Mun saba barin haki ya bushe a tsaye sannan a bi shi da manjagara a watan Disamba. Abin da ake samu a lokacin cika ciki ne kawai, amfanin ya riga ya tafi cikin iri da rana. Ƙyasuwa ta fi amfani in an yanke ta tana fara fid da kai, ganye na kore shar, wajen farkon Satumba. Yanka da lauje, ka bar taƙi guda a ƙasa. In aka samu ruwa ɗaya ko biyu a baya, za ta sake tohowa ka samu ɗan ƙari. Amma kada ka yanke duka. A kowane rabin wata bar kashi ɗaya cikin uku ya nuna, musamman na gindin kunya. Daga ciki za ka tsage irin faɗaɗa wuri, sauran ya zube inda yake.

Shanya abin da ka yanka sama-sama, kana juyawa safe da yamma, kwana biyu zuwa uku. In hadari ya taso, a tattara a rufe, don hakin da ruwa ya daka yana baƙi ya yi fumfuna. Gwajin bushewa: ɗebi damƙi ka murɗa. In ruwa ya fito ko ka ji sanyi a hannu, da saura. In ya karye rugu-rugu, ya wuce. Wanda ya murɗu yana ƙara kaɗan, launinsa kore-kore, da ƙanshi, shi ne ingirici. Ɗaure shi dami-dami, kuma kafin ka sa hannu ƙarƙashin damin da ya kwana a ƙasa, ɗaga shi da sanda. Kububuwa da kunama na son wurin.

Ajiye shi a kan rumfa ko cikin tsohon rumbu, sama da ƙasa saboda gara, a rufe da zana saboda rana, nesa da murhu. Can a fili kuma ka share gefen shingen faɗin taku huɗu ko biyar kafin iskar hunturu, tunda busasshiyar ƙyasuwa da wuta ba sa gardama.

Kada ka buɗe ajiyar tun da kaka, lokacin kara da harawa na ko'ina. Riƙe ta sai bazara, daga Afrilu, sa'ad da shanu suka fara nuna haƙarƙari. Ba ta isa ita kaɗai ta ƙosar da ragon layya ba. Haɗa da harawar wake, dusa, 'ya'yan gawo in akwai, da ɗan gishiri ko kanwa. Karan da dabbobi suka rage kada a ƙone: ana cuɗa shi da laka wajen yaɓe, ko a mayar da shi cikin ramukan gara ta ci.

A rani na biyu aikinka shi ne kwashe lakar da ta cika ramukan ka mayar kan kunya, ka ƙara taki, ka haƙa sababbi a gaba. Tsoffin ba sa bukatar iri. A nawa, damana ta biyu ƙyasuwa ta fito har a tsakanin ramukan, inda ban taɓa sa diga ba, kuma na tarar da 'ya'yan aduwa uku sun tsiro a gindin wata kunya, daga ƙwallon da ya zo cikin takin awaki. Na kewaye su da duwatsu don kada lauje ya same su.